Tungarku Ta Koma Yamma da Gulbi, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imar kabari. Laifi na zo amsawa, kuma gara in amsa shi a bainar jama'a.

Kin tuna shekarar da kika matsa sai na kai ki kabarin mahaifiyarki, Inno, a tsohuwar tungarku da ta watse tun kina budurwa? Tun muna yara kike gaya mana tungar tana gabas da gulbin Rima. Na ɗauko ki daga Wurno, muka bi hanyar Goronyo, na sauke ki a gabas ɗin. Kika duba dama da hagu kika ce, "Ba nan na ba, Bello." Sai kika zuba wa ƙetaren ruwa ido.

Ga mai kwalekwale a bakin gaɓa, amma na ƙi. Ni sarkin sani, mai boko, na ce miki gabas ai gabas ce, tsufa ne ya fara taɓa ki. Muka juya gida, ba ki sake roƙona ba har kika rasu.

Watan jiya wani abokina ma'aikacin safiyo ya nuna mini wata taswira ta zamanin Turawa, ta yi ja, linkinta duk ya tsage. Muka jera ta da taswirar yanzu ta cikin waya. Ga sunan tungarku da ƙananan haruffa, gabas da gulbi, daidai yadda kika faɗa. Gulbin ne ba ya inda na san shi. Ashe bayan tashinku ruwa ya yanke sabuwar hanya, ya bi ta ɗaya gefen tungar.

Na koma can da kaina na ƙetare. Fadama ce yanzu, albasa iya ganinka. Wani dattijo da ke ban ruwa ya ɗago ya ce, "Mi kaka biɗa, ɗana?" Da na gaya masa, sai ya ajiye fartanya ya kai ni wani ɗan fili a tsakiyar gonarsa, bai wuce faɗin ɗaki biyu ba, sabara ta cinye shi. Ya ce, "Baba yac ce mutane na kwance nan. Ba mu sa ma wurin ga garma."

Ban san wanne ne na Inno ba, sai na yi musu addu'a gaba ɗaya. Da na juya, ina hango gaɓar da kika tsaya ran nan, ko kira aka yi daga can za a ji. A nan kuka ya ƙwace mini.

Hankalinki garau yake, ni ne na yi miki taurin kai. Ki yafe mini, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sada ki da Inno a Aljanna, tunda ni na hana ki zuwa gare ta a duniya.

Ɗanki,
Bello