Katangar da Ke Cin Garwashi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, tunda dai bakinka ba ya faɗa.

Ka tuna jan gajimaren taurarin nan na kudu da muka sa wa suna Garwashi, muka ce sai mun ɗauki hotonsa daga saman ɗakinmu? To maƙwabcinmu mai shagon taya ya fara ɗora bene a gefen kudu. Kullum magina suka tashi sai in hau in auna katangar, in zana ta a manhajar taurari, in tura agogonta gaba in ga abin da ya rage mana. Da can Garwashi yakan daɗe a fili. Yanzu leƙowa yake kamar mai jin kunyar surukai, ya faɗa bayan bulo. Kafin wata ya mutu, lokacin da sama ke yin duhun da muke so, sun kai rufi.

Kyamara tana wurina, injin bin taurari yana wurinka. In babu shi, duk hoton da na ɗauka sai ya fito zare-zare. Ka zo. Tun rasuwar Umma ba ka taka gidan nan ba.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Na samu takardarka, ina gaida kowa. Aiki ya yi yawa. Na ba direba injin a kwali, na naɗe shi da bargo. Ka iya saita shi, kusan ma ka fi ni. Allah ya ba da sa'a.

Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaisuwa.

Kwali ya iso, ban buɗe ba. Ƙarfe na ce maka ina kewa? Ni da na koyi wannan harka daga tsofaffin littattafan da ake ƙunshe kaya da su, injin ne zai gagare ni? Wa zai riƙe fitila yana ce mini “Malam Gaggawa, bar taɓa waya”? Aiki! Kai kaɗai Allah ya ba aiki? Faɗa mini gaskiya, ko ka ce in daina rubutowa.

Auta

*

Auta,

Sannu da faɗa. Ba aiki ba ne. Matakalar sama ta ƙofar ɗakin Umma take bi. Duk sanda muka hau, sai ta ɗaga labule ta ce mu sa rigar sanyi. Ba zan iya wuce labulen nan in ji shiru ba. Ka yi haƙuri da ni.

Yayanka

*

Yaya,

Barka da war haka. Ni kullum nake wuce shi, ka ɗauka daɗi nake ji? Amma na ji ka.

An yi rufi jiya, Garwashi ya tafi. Na zauna da manhaja na yi ta matsar da mu a taswira, har na dace da wani fili bayan gari, babu katanga, babu fitilun titi. Can yana nan sarai, daren Asabar, ba wata. Sai dai mutum biyu ake so a babur, ɗaya na tuƙi, ɗaya na rungume da kaya. Zan jira ka a tasha. Ba sai ka shiga gida ba.

Ƙaninka mai baki,
Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Kada ka je tasha. Juma'a da la'asar zan iso, ka tsaya mini a bakin matakala, mu wuce tare.

Ni zan tuƙa. Tuƙinka ba na mai son rai ba ne.

Yayanka