Gaurakar da Na Ce Ban Gani Ba

Maman 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ki dawo mana.

Nan fadama ta cika fal, bado ya rufe ruwa. Jiya a wurin aikinmu na ƙirga tsuntsaye mun samu dinya ɗari biyu, ban da zalɓe da kirinjijiya. Amma raina a ɓace yake. An kawo mana sabuwar ma'aikaciya, muna ce mata Ƙaramar Malama. Ko shiga kwalekwale ba ta iya ba, ta ga guza ta kurma ihu wai kada ne! Duk da haka shugabanmu ba ya da magana sai tata. Ni da na tsufa cikin wannan taɓo, oho.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Baban 'yan biyu

*

Maman 'yan biyu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Wannan takarda ke kaɗai za ki karanta.

Kin san shekara goma sha tara ina jiran gauraka ta dawo fadamar nan. Ranar Talata da safe muna kan dandamalin ƙirga, sai Ƙaramar Malama ta ce ga gauraka, ta miƙo min madubin hangen nesa. Wallahi gaurakar ce, tsaye a bakin ciyawa, tukkunta kamar zinariya. Sai da hawaye ya zo min.

Kin san ƙa'idarmu: wanda ya fara gani sunansa ake rubutawa a littafi, na biyu shaida kawai yake sa hannu, kuma a ranar. Yarinyar da sati uku ne da zuwanta fa! Kishi ya kama ni. Na mayar mata da madubin, na ce zalɓe ne. Kafin ta kira wani, tsuntsuwar ta tashi.

Yanzu ma'aikata gaurakar Malama suke ce wa kowane zalɓe, don su tsokane ta. Ita kuwa kullum sai ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Da ma zagina ta yi.

Yau na faɗa wa shugaba gaskiya. Ya ce shafin Talata ya rufe, ba a komawa. Kowace safiya muna can ni da ita muna jira, na roƙe ta in gaurakar ta dawo kada ta miƙo min madubin, ta ba ni biro kawai in sa hannun shaida.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki mai jin kunya,
Baban 'yan biyu