Ba Zan Aje Kwanon Ba

Zuwa ga ƙanena Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya zaman Legas? Ina Hajara da yara? Mu nan Danchadi lahiya lau muke, albasa ma ta yi kyau bana.

Na san labari ya iso maka, wai yayarka ta koma bara da tsufanta. To, ji daga bakina. Jikata, ɗiyar Saratu, bakwaini aka haife ta, ko tafin hannu ba ta cika ba. Sati uku ta yi cikin kwalbar jarirai a asibitin birni, ana ba ta nono ta ɗan tiyo a hanci. Yau ga ta tana tsotso da kanta. Amma a gabana wata mata daga Shagari ta iso da nata, ta tarar kwalaben duk sun cika.

Shi ya sa na ɗauki kwano, nake bin gidajen suna da na biki, ina tara gudummawar da za a kai ɗakin jariran nan. Mai kuɗi ta sa, mai gero ta zuba.

Jiya Yaya Bello ya tare ni a zaure, ya ce, "Hauwa, kina zubar muna da mutunci."

Na ce, "Yaya, bakwaini biyu na haifa, a zane muka naɗe su har suka koma. Wane mutunci ya tsare su?"

Na raɓa shi na wuce.

Ka gaida mutanen gida, ku sa jaririyar a addu'a. In gudummawa za ka turo, bismilla. In faɗa ne, riƙe abinka.

Yayarka,
Hauwa