Tsagar Kaka Lariba

Bawku, 3 ga Maris, 1997

Ƙanwata Mansuratu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ke da yara da mutanen Salaga kuna lafiya.

Ofishinmu na aikin gona ya samu kwamfuta. An kawo ta don rubuta rahoton masara, amma yayanki, wanda ya karanta littattafai da yawa bai gina ko ɗaki ɗaya ba, ya gano tana zane. Idan an tashi aiki sai in zauna ina jan wani abu da suke kira ɓera, ɗigo bayan ɗigo. Na fara da tulu, ya fito kamar kan Yaya Sualihu ba rawani.

Wata uku ke nan ina kan fuskar marigayiya Kaka Lariba. Kin san ba ta taɓa yarda an ɗauki hotonta ba. Ga abin da na buga a takarda. Ki duba ki faɗa mini inda na kuskure, ke ce kike yi mata kitso.

Yayanki,
Issahaku

Salaga, 20 ga Maris

Yaya Issahaku,

Na samu takardarka, na gode. Kaka ce sak. Na ajiye ta a kan akwati, na kasa kwana da ita a ɗaki, sai da na kifa ta.

Na nuna wa Gwaggo Atikatu, tsohuwar da ke sayar da daddawa a bayan gidanmu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kan tsaga ukun da ka zana a kumatu. Ta ce, “Wannan ba askar Kano ba ce, 'yata. Wanzaman ƙauyukan arewa ke yin ta. Irin yaran da aka kawo kasuwar nan a igiya.”

Yaya, ka tuna Kaka ba ta bi ta gindin kukar tsohuwar kasuwar bayi, ko da hanyar za ta ninka? Ba ta kuma shan ruwan tsofaffin rijiyoyin nan. Mu muna cewa tsufa ne.

Na aika wa Yaya Sualihu hoton. Ka yi haƙuri idan na yi gaggawa.

Taka,
Mansuratu

Yendi, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Issahaku, bayan sallama irin ta Musulunci.

Kakarmu 'yar fataken goro ce daga Kano. Haka mahaifinmu ya faɗa, haka na rubuta wa 'ya'yana a bangon littafi. Ba zan bar wasan ofis ya sauya mana asali a bakin mutanen zango, unguwarmu ta Hausawa, ba. An ce injin naka yana gogewa. Ka goge tsagar, ko ka goge hoton duka.

Wassalam,
Malam Sualihu

Bawku, 15 ga Afrilu

Yaya Malam,

Allah ya ƙara lafiya da ilimi. Na bi umarni. Gogewa a kwamfuta ba ta da wuya, shi ya sa ban amince da ita ba. Cikin minti ɗaya Kaka ta zama Bakanuwa sosai, kumatu sumul. Sai dai matar da ta rage ban san ta ba. Ba ta taɓa goya ni ba.

Ga abin da ya hana ni dariya. Tun watan Disamba nake barin hoton a buɗe yini guda, don in riƙa kallonsa ina aiki. Mai gyaranmu ya ce irin wannan gilashin kwamfutar yana ƙonewa idan abu ya daɗe a wuri ɗaya, kuma ba magani. Tsagar ce na fi zanawa da haske. Yanzu duk abin da na buɗe, rahoton taki ko sunayen manoma, layuka uku suna nan a bayansa, dishi-dishi. Ko an kashe injin ina ganinsu idan rana ta shigo ta taga.

Na fahimci bayanin mai gyara, Yaya, har zan iya koyar da shi. Amma na daina zama ni kaɗai a ofishin.

Hoto biyu ke hannuna, mai tsaga da marar tsaga. Kai ne babba. Wanda ka ce a bar wa yaranmu shi zan bari, ɗayan in share.

Ƙanenka,
Issahaku

Yendi, 9 ga Mayu

Issahaku,

Na yi sati uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Ka bar mai tsagar. Amma ka yi kuskure: huɗu ne. Akwai ƙarama a ƙarƙashin idon hagu, ka ƙara ta.

Ina ɗan shekara goma sha biyu, Kaka tana sussukar gero, ta kira ni ta faɗa mini sunan da uwarta ta sa mata kafin a kama ta. Ta ce in riƙe mata. Kunya ta sa na ƙi maimaita shi ko a zuciyata. Yanzu kullum bayan salla ina nemansa, ban same shi ba.

Ka buga mini ɗaya babba.

Yayanka,
Sualihu