Tela, Zo Ka Taya Ni Ci

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma lafiya lau, in aka cire Baba.

Na kai shi wurin likitan ido. Ya ce ciwon sukari ne ya taɓa idanun. Na dama ya riga ya yi nisa, na hagu kuma za a iya yi masa aiki, amma sai sukarin ya sauka. In bai sauka ba, shi ma zai bi ɗan'uwansa. Ki duba fa, tela babu ido. Ko yanzu sai ya yi ta fama kafin ya zura zare a allura, in na karɓa zan zura masa kuma ya ɓata rai.

Tun rasuwar Mama ya koma cin kayan bakin titi a shago: soye-soye, lemon kwalba, shayi mai zaƙi kamar zuma. Ina dafa masa nasa daban yadda likita ya ce, in kai masa ɗaki in fito, da safe in tarar da kwanon yadda na ajiye shi. Na yi lallashi, na yi faɗa, har sukari na ɓoye cikin kwandon wanki, ya gano. Da na yi magana ya ce shi ya haife ni, ba ni na haife shi ba.

Wallahi tsoro nake ji, Yaya. Ki gaida yara.

Taki, Auta.

*

Auta,

Na samu wasiƙarki, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Na so in zo, amma sai an yi hutun makaranta.

Ki rage faɗan nan. Kin san halinsa, in aka ce ya yi gabas to yamma zai nufa, kuma ke kika gado shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, namu kuwa ya daɗe da bushewa. Ki ci gaba da dafawa, ki bar wa Allah sauran.

Yayarki.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, albishirinki. Baba yana cin ganye!

Kada ki ce aikina ne. Wani tsoho ne mai sayar da kayan lambu a baro ya fara tsayawa kusa da shagon. Lemarsa duk ta yage, rana tana dukansa. Baba ya gani, ya karɓe ta ya ɗinke masa, ya kuma ce ya matso da baron ƙarƙashin rumfar shago. Tsohon ya rasa abin godiya. Da azahar sai ya yanka kokwamba da karas da tumatir a kan dafaffen wakensa, ya leƙa ya ce, "Tela, zo ka taya ni, ba na iya ci ni kaɗai."

Kin san Baba ba ya mayar da hannun kyauta. Ya fito, suka zauna kan benci. Yanzu kullum haka suke, suna ci suna gardama kan labaran rediyo. In cikinsa ya cika, ina zai sa soye-soye? Har mai shagon lemo ya tare ni yana tambaya ko Baba ya yi fushi da shi ne. Da aka gwada sukarin, an ce ya fara sauka.

Sai dai abin ya ɗan ba ni haushi, ba zan ɓoye miki ba. Ni ina ɓata lokaci a kicin ana ƙin ci, wani ya zo da wuƙa da ɗanyen karas ya ci gari.

Taki, Auta.

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, don na yi ɓarna.

Na ga abu yana tafiya, sai na ce bari in ƙara masa ƙarfi. Na sami tsohon a ɓoye, na yi masa godiya, na faɗa masa zancen idon Baba, har na lissafa masa abin da likita ya hana da wanda ya yarda. Ashe bai san Baba ba shi da lafiya ba. Washegari bawan Allah ya zo da tausayinsa, yana yi wa Baba sannu, ya ɗauke gishiri daga gabansa, ya ce 'yarka ta ce ba ka ci.

Baba ya tsame hannunsa. Ya ce shi ya ɗauka abokin ci ya samu, ashe ma'aikacin jinya aka ɗaukar masa. Tsohon ya ji kunya, ya tura baronsa can tsallaken titi. Yanzu Baba ya koma gidan jiya, jiya ma kwalba biyu na gani ƙarƙashin keken ɗinki. Lokacin komawa wurin likita yana matsowa.

Ki faɗa mini yadda zan yi.

Auta.

*

Auta,

Ki share hawayenki, don alheri kika yi nufi. Na yi ta juya maganar nan. Karas ɗin tsohon bai fi naki daɗi ba. Abin da ya ce ne, wai ba ya iya ci shi kaɗai. Shin Baba ya iya? Shekara da shekaru da Mama yake ci, tana yi masa hira. Mu kuwa an koya mana a ajiye wa uba abinci a ba shi wuri, muka ɗauka ladabi ke nan. Ni ma da nake nesa ban taɓa tambaya wa yake zama da shi ba, sai dai me ya ci.

Ki daina raba tukunya. Ki dafa abin da ya dace da shi, ki zuba wa kanki shi ɗin, ki zauna. Kada ki ambaci likita, kada ki kalli hannunsa. Zan rubuta masa ni ma, gaisuwa kawai.

Yayarki.

*

'Yata,

Na ga gaisuwarki, Allah ya yi muku albarka ke da mijinki da jikokina. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, haka nake rubutu yanzu.

Na san kuna zancena ke da ƙanwarki. Ba komai. Maƙwabcina mai kayan lambu na yi wa rashin adalci. Ina kan keken ɗinki ina hango shi tsallaken titi yana ci shi kaɗai, ya juya baya. Da abin ya ishe ni na ɗauki abincin da Auta ta haɗo mini na tsallaka, na ce ya taya ni. Ya matsa mini. Baron ya dawo rumfa.

Likita ya ce sukarin ya sauka, amma da saura. Idon dama dai ya tafi, na haƙura. Na hagu ya ce mu dawo wata mai zuwa ya duba ko za a yi aikin.

Jiya Auta ta shigo da kwano biyu ta zauna a gabana. Ashe tun da yarinyar nan ta girma ban ga tana cin abinci ba. Tana ware albasa gefe da ɗan yatsa, sak mahaifiyarku. Sai da na karkata kai na kalle ta da na hagu na gane.

Ina son idon nan, 'yata. Ki sa ni a addu'a.

Mahaifinki.