Farantai Takwas da Inuwar Mangwaro

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya, ɗaki nawa ake kwana a ciki a gidan nan? Riƙe amsarka tukuna, bari in gaishe ka, kada a ce Auta ya soma rashin kunya tun daga layin farko. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, da aiki da zaman garin mutane. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya raya mana zuriya. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, tana takawa har bakin ƙofa ba sanda. Gwaggo ta leƙo sau ɗaya, ta sha ruwa, ta yi mana faɗa, ta tafi. Akuyar nan mai baƙin kunne ta haihu, kuma ita kaɗai ta ƙara mana yawa a gidan nan bana.

Kayan sola da ka aiko sun iso, mun gode, Allah ya saka da alheri. Farantai takwas ne da batura da inbata, suna nan jingine a zaure. Mai sola ya zo da tsaninsa, ya ce ka gaya masa a waya ya yi lissafin gidan gaba ɗaya: ɗaki shida, kowanne da ƙwan fitila da fanka, ga firji, ga talabijin. Ya ce farantai takwas ba inda za su zauna sai kan babban rufi, ɓangaren da ke kallon kudu, a ɗan karkace yadda rana za ta riƙa dukan fuskarsu, ruwan sama kuma ya wanke su ya gangara. To amma mangwaron Baba yana rufe wannan ɓangaren da inuwa tun daga azahar. Ya ce tunda a jere za a haɗa su, in inuwa ta hau ɗaya, sauran ma ƙarfinsu ya faɗi. Na ɗauka ƙyuya ce irin ta masu aikin hannu. Na zauna na karanta ɗan littafin da ya zo a cikin kwali har kaina ya yi zafi, na hau rufin da hantsi da azahar da la'asar ina zana bakin inuwar da gawayi. Gaskiyarsa ce. Da ya kira ka ya faɗa maka, sai ka ce a sare bishiyar. Daga can, a waya, kamar mai aiken a sayo masa burodi.

Ni kuwa na ce masa ya sake lissafi da mutum biyu, don mu biyu ne. Ɗakin Inna, ɗakina, fitilar tsakar gida da ta banɗaki, fanka biyu, rediyonta, waya, da ƙaramin firjin da ake ajiye mata magani. Ya yi dariya ya ce wannan ai farantai uku ma sun yi, kuma rufin kicin zai ɗauke su cif, rana na kansa tun safe har yamma, ko ganye ɗaya ba ya gilmawa. Ka ga ke nan wuta za ta samu, bishiya kuma tana nan.

Na zaci Inna ce za ta fara tsayawa a gaban gatari. Ka san Baba ya dasa mangwaron nan shekarar da aka haife ka, kuma tun rasuwarsa a gindinsa take wuni, nan tabarmarta, nan butarta, nan take gyangyaɗi da carbi a hannu. Sai ta kira mai sola ta tambaye shi ɗaki nawa ɗanta ya ce a sa wa fanka. Ya ce shida, Hajiya. Sai ta ce a sare. Ta ce babban ɗanta ba ya yin abu a banza, in ya ce a sa fanka a kowane ɗaki, to dawowa za ku yi. Yaya, tun ranar ba ta zauna ba. Ta sa na buɗe ɗakunan da muka kulle, na kakkaɓe katifu, na kori ƙadangaru. Da wannan ƙafar tata ta wanke labulen ɗakin Yaya Malama. Jiya take tambayata ko 'yan biyunka za su yarda su kwana gado ɗaya, don a ranta har yanzu a goye suke. Da na buɗe baki zan yi mata bayani, ta ce in rufe mata shi, tun ina yaro bakina ya fi ni girma.

Kada ka ce a kan mangwaro nake wannan kumfar baki. Ni ne nake cin abinci ni kaɗai a kwanon da muka saba sa hannu mu huɗu. Ni ne nake karatu da ƙarfi don kawai in ji muryar mutum a gidan, har akuya ta soma ɗaga kai tana saurare. Na saba, ban kai ƙara wurin kowa ba. Abin da ba zan iya ba shi ne in tsaya ina kallo a sare mata inuwarta, a kunna mata fanka a ɗakuna huɗu da ba kowa, ta zauna cikin rana tana kallon ƙofa. In ba ku zo ba, kai waya za ka kashe. Ni zan kalli idonta kullum.

Ka gaishe min da Anti, ka ce mata turaren ya iso kuma Inna ta ɓoye shi sai ranar zuwanku. Ka shafa min kan 'yan biyu da takwarar Inna. In kun yi magana da Yaya Direba, ka ce masa ƙaninsa bai mutu ba, lambata ma ba ta canja ba.

Mai saran itace zai zo ranar Asabar. Kada ka kira ni gefe ka ce in lallaɓa ta, na gaji da lallashi a madadin mutane. Ka shiga zauren 'yan gida na waya, inda Kawu da Gwaggo da Yaya Malama da Yaya Direba duk suke ji, ka yi magana da muryarka, ni kuma zan kara wa Inna wayar a kunne a gindin bishiyar. In dawowa za ku yi, faɗi wa da wa, kuma yaushe, wallahi ni zan riƙe wa mai sara igiya. In ba dawowa za ku yi ba, faɗa mata da bakinka, mu ɗora uku a kan kicin mu bar mata inuwarta. Ɗaki nawa, Yaya? Amsa a gaban kowa, kafin Asabar.

Ƙaninka da ya rage a gida,
Auta