Kaset ɗin Malam da ciwon wuyana

Daga mai kula da zaure: wata 'yar'uwa ce ta aiko, ta roƙi a sakaya sunanta.

Salama a gare ku jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa komai ba, yau dai ni ce mai roƙo, don Allah ku taimake ni da shawara.

Ni mace ce, na haura hamsin, ina da ɗan kanti a Samaru. Karatuna bai wuce sakandare ba, sai dai na koyi buga tafireta tun ina budurwa. Maigidana, Malam, malamin firamare ne, ya rasu bara da damina. Shekarunsa na ƙarshe ya ƙarar da su yana bin ƙauyukanmu da rakoda, yana ɗaukar tsofaffin waƙoƙin zumuntar matan coci daga bakin tsofaffi, wai kada su tafi da su kabari. Da ya karɓi kuɗin sallama sai ya shiga Sabon Gari ya sayo laftof na hannu, don a rubuta waƙoƙin su zama littafi. Ba mu yi nisa ba ciwo ya kwantar da shi. Ba ya iya hawa gado, sai katifa a ƙasa, ni kuma na shimfiɗa tabarma kusa da shi, laftof a ƙasa, rakoda a gefe, ina saurara ina bugawa yana gyara mini.

Bayan an binne shi na ci gaba a wurin, a yadda muke. Da na rufe kanti da la'asar sai in zauna in sa kaset. Gaskiya ba waƙoƙin nake bi ba, tsakaninsu nake jira, inda muryarsa ke shigowa. Akwai inda yake ce wa wata tsohuwa, "Kaka, kin tsallake baiti, ko goron ne bai ratsa ba?" ita kuma ta ce, "Kai ɗan nan, aurena ka yi da za ka sa ni waƙa tun safe?" Akwai wanda ya ɗauka a gidanmu, ana tsakiyar waƙa sai ya ɗaga murya ya ce mini in duba miyata tana kamu. Wannan wurin na sha mayar da shi baya.

Ni kuma ciwona daga ƙeya ya fara, ya sauka kafaɗa, sannan ya hau kai ya tsaya a bayan idon dama. Na sha farasitamol, na shafa man zafi, har mai kemis ya ce ba zai ƙara sayar mini ba sai na ga likita. Yanzu idan aka yi mini sallama a kanti da jikina duka nake juyawa. Yatsu biyu na hannun dama sun fara mutuwa. Likita ya sa na gwada masa yadda nake zama, na sunkuya a gabansa, sai ya ce, "Mama, ko yaro aka naɗe haka kullum sai ya kwanta." Ya ce in ɗora laftof a tebur daidai idona, in riƙa tashi ina miƙewa, kuma gara ma in huta gaba ɗaya na wani lokaci, don idan jijiyar ta ci gaba da matsuwa hannun na iya ƙin dawowa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na bi maganarsa, na mayar da aikin kan tebur, ciwon kuwa ya yi sauƙi sosai. To amma tun rasuwar Malam ban yi kuka ba, ko a maƙabarta. Abinci ba ya mini daɗi ba ya mini ɗaci. A coci ana waƙa ina motsa baki kawai. Da ciwon ya lafa sai na ga yini yana wucewa ban ji komai ba, kamar wata ce ke zaune a kantina. Da kaina na sauko da laftof ɗin na mayar kan tabarma. Da ƙeyata ta fara ja, sai na ji hankalina ya kwanta.

'Yata tana aure a Palladan. Ranar Lahadi ta miƙo mini jaririnta, hannun ya ƙi riƙewa, da ba ta tare ba da ya faɗi. Nan ta gane ban daina ba. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce uba ta rasa ba ta shirya jinyar uwa ba, ta ce ko so nake in bi shi in faɗa mata kawai. Na ce aikin babanta ne. Ta ce babanta littafi ya so, ba gurguwar mata ba. Ta riga ta yi magana da wata mai buga wa ɗalibai aiki a Samaru, za ta ƙarasa sauran kaset ɗin kafin addu'ar cika shekara, kuma ranar Asabar za ta zo ta kwashe komai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ina kallon bakinta tana magana, ko haushi ban ji ba.

Na san tana da gaskiya, likita ma haka. Kada ku wahalar da kanku wajen gaya mini lafiya ta fi komai, na sani. Abin da nake tambaya shi ne, in miƙa mata kaset ɗin duka ranar Asabar, ko in roƙe ta ta bar mini ko kaset ɗaya, alhali na san inda zan zauna in saurare shi? Kuma idan akwai wadda ta binne miji a cikinku, don Allah ta gaya mini gaskiya, idan ciwon ya tafi, akwai abin da ke zuwa a madadinsa, ko haka ake zama?